Kwallin da Kika Aiko wa Nna

Barkin Sale, Minna
Yuni, 2002

Zuwa ga Yayata Rukayat,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da maigidanki Malam Yisa da yara, da fatan ruwan Fatakwal bai hana ku sakat ba. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Mu nan damina ta zauna, ɗinki yana tafiya, kowa ƙalau, in ban da mahaifiyarmu Nna. Saboda ita na zauna rubutun nan, kuma wallahi a tsorace nake.

Tun bayan azumi bakin fatar idonta ya yi ja ya kumbura. Kullum da asuba kwantsa ta liƙe mata ido, sai ta laluba bango ta kai ga buta. Gindin gashin idon duk ɓawo ne kamar amosanin kai, gashin ma ya fara zubewa. Ta ce ji take kamar an zuba mata yashi. Yaya, kin tuna haka na Kaka ya fara, har muka koma muna jan ta da sanda. Ran da na ga Nna ta kasa zura zare a allura, ɗaki na shiga na yi kuka.

Da ƙyar na ja ta asibiti. Likitan ido ya duba, ya ce ba ciwon Kaka ba ne. Wai akwai ƙananan ƙofofi a bakin fatar ido masu fitar da maiƙo, su ne suka toshe, datti ya taru, wurin ya kumbura. Ya ce ciwon ba ya warkewa gaba ɗaya, yana lafawa ya dawo, amma da wuya ya makantar da mutum in ana kula. Safe da yamma a jiƙa tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi a ɗora a kan ido a rufe, a ɗan murza fatar a hankali, sannan a goge gindin gashin. Ya ba mu man shafawa. Daga nan ya kalli baƙin da ke idonta, ya ce kwalli kam a ajiye shi, don yana ƙara toshe ƙofofin.

To, nan fa ake yin ta. Kwallin nan shi ne tsarabar da kika kawo daga Makka kika aiko mata. Ta juye shi a tandun tagullarta na Bida, ta ce abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ba ya cutar da ido. In ƙaiƙayi ya taso, sai ta ƙara rangaɗa shi, wai magani. Ni in gasa mata ido da safe, in dawo daga shago a Tunga in tarar da shi baƙi ƙirin. Na ɓoye tandun a buhun gero, ta yini ba ta ci abinci ba, dole na fito da shi. Kin san ni auta ce, a wurinta har yau ban iya ɗaura zani ba, balle in hana ta wani abu.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Kawu Mamudu. Ya zo ya ce akwai wani wanzami a wajen Zungeru mai juya fatar ido ya kankare ta da aska, kuma ƙarshen watan nan zai kai ta. Na koma na tambayi likita, ya ce in aska ta taɓa ƙwayar idon, ko wurin ya ruɓe, makantar da muke gudu ita za mu saya da hannunmu. Nna ta amsa wa Kawu, don ta gaji da ciwon, kuma ba ta yarda kwalli yana da laifi ba.

Maganarki kaɗai take ji. Don Allah kada ki rubuto, karatuna ba za ta yarda da shi ba, za ta ce ni na ƙara gishiri. Ki ɗauki muryarki a kaset ki ba Tsado direba ya taho da shi a wannan zuwan. Ki ce mata ta bar zancen Zungeru, ta ajiye kwallin, ba za ki ji haushi ba. Ki lallashe ta, don jiya da na matsa mata ta faɗa mini gaskiya. Ta ce shekara uku ba ta sa ki a ido ba, wannan kwallin ne kaɗai abinki da take taɓawa kullum.

Ki gaishe mini da Malam Yisa, da Suleiman da ƙanwarsa. Ndagi maigidana yana gaishe ku. Nna ma ta ce in tambaye ki yaushe za ki zo. Ki zo, Yaya, ina so ta gan ki da idonta.

Taki ƙanwa,
Khairat