Mai Daddawar Kasuwar Kurfi

Dutsin-Ma, 6 ga Maris, 1983

Baba,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen gida.

Karatu na tafiya. Malam Gidiyon, mai koya mana adabi, ya sa mun karanta wani littafi, sannan ya aro majigin da aka yi a kansa, ya ce mu kwatanta su a rubuce. A kasuwar Kurfi aka ɗauki wani wurin, shekara ashirin ke nan. Baba, sun ɓata littafin. Ana tsakiyar baƙin ciki, yaro na neman uwarsa, sai ga wata mai daddawa ta zuba wa na'ura ido tana ta dariya, har da rufe baki da gefen zane. Babu ta a littafin. Na rubuta cewa da ni ce da na yanke ta.

Ko ka tuna zuwan masu majigin nan?

Taka,
Rahamatu

Barkiya, 11 ga Maris

Rahamatu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya, sai godiyar Allah.

Na tuna. Kada ki yanke ta, mahaifiyarki ce. Ran nan kakarki Inna ba ta da lafiya, sai mahaifiyar taki ta ɗauki daddawarta ta kai kasuwa ba da sanina ba. Da yamma gari ya ɗauka wai matar Audi ta shiga majigi. Na ji kunya, na yi fushi, kwana tara ban ci tuwonta ba. Ban taɓa ganin abin ba. Kin san ba ta bar hoto ba, kina da wata huɗu ta rasu. Yanzu in na rufe ido fuskar ba ta zuwa sosai, kuma abin na damuna.

Da gaske dariya take yi?

Mahaifinki,
Audi

Dutsin-Ma, 14 ga Maris

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta takardarka a bayan aji, na yi kukan da ban taɓa yi ba. Sau biyu na kalli Umma ina jin haushinta.

Ranar Juma'a za a mai da majigin Kaduna, Malam Gidiyon ya ce ba ya jin za a sake ba da aronsa. Amma ya yarda ya haska mana ranar Alhamis bayan azahar, a rufe tagogi, daga ni sai kai. Na san abin da za ka ce, wai dattijo ba ya zaman kallon majigi, mutanen Barkiya za su ji. Su ji mana. Ka ce masu dubiyata ka zo. Don Allah, Baba, ka hau motar safe.

Taka,
Rahamatu

Barkiya, 19 ga Maris

Rahamatu,

Na iso gida lafiya. Ki yi wa malaminki godiya, sau biyar ya mai da wurin baya bai gaji ba. Ki yi haƙuri da na fita ba sallama.

Akwai abin da na kasa faɗa a gaban baƙo. Kin ga yadda ta ɗaure zanenta can sama, hannu ɗaya a ƙugu? Cikinki na da wata bakwai ran nan. Ke ma kina ciki.

Allah ya yi maki albarka.

Mahaifinki,
Audi