Akwai Rami a Gabanka, Istifanus

Zuwa ga aminina kuma maƙwabcina, Istifanus ɗan Mama Rifkatu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da maiɗakinka da yara. Ni ma da sauƙi, kamar yadda muke cewa a nan idan ba ma son dogon bayani.

Na rubuto a fili ne saboda ka daina ɗaukar wayata. Tun ranar da ka nemi lambar direban da ya kawo ni Sabha daga Agadas na hana ka, saƙo ɗaya ka turo mini: "Mudi, ko don ni ba naku ba ne?" Kwana tara ke nan maganar tana cina. Jiya kuma ƙanwarka ta ce ka sayar da keken ɗinkinka, ranar Litinin za ka kamo hanya.

Wai ba namu ba. Kai da bango ɗaya ya raba ɗakinmu da naku a layin ma'aikatan jirgi a Kafanchan. Duk Kirsimeti Mama Rifkatu, Allah ya sa ta huta, takan jawo akuyarta har ƙofarmu ta ce wa Baba, "Malam, fito ka yanka, in ba haka ba yaran nan naka ba za su ci ba."

Ka manta yadda na shiga badujalar samarin cocinku? Kullum da la'asar ina maƙale a taga ina bin kiɗanku da gwangwani. Da Malam Dauda, shugaban makaɗa, ya rasa dogon da zai ɗauki babbar ganga, da ƙafarsa ya je wurin Baba. Baba ya yarda, da sharaɗin in Magariba ta yi in ajiye sanda. Ban taɓa roƙon a sake ni in tafi salla ba. Malam Dauda ne da kansa yake duban rana ya ce, "Mudi, lokacinku ya yi."

Wanda bai taɓa rataya gangar nan a ƙirji ba bai san cewa mai ita ba ya ganin ƙasa ba. Sama kake gani da ƙeyar na gabanka. Shi ya sa aka sa ka a hagu da ni, da farantan tagullarka. In ka taɓa ni da kafaɗa sau ɗaya, rami ne. Sau biyu, kwana za mu sha.

Sai Litinin ɗin Istar nan, muna fareti zuwa dutsen bayan gari da kuke kira Galili. Mun goge takalma da alli, hular da ke kaina ta yayanka ce, tana faɗo mini a ido. 'Yan matan layinmu sun jeru a bakin titi, ni kuma sai ƙara wa ganga duka nake ina juya sanda a sama. Ka taɓa ni. Ka sake taɓa ni. Na ce a raina hassada ce, don na san kai ka so a ba ka gangar. Na ƙara faɗin taku. Ka taɓa ni karo na uku, ban kula ba. Ban farga ba sai ga ni a cikin lambatu, fatar ganga ta yage, rabin haƙorina ya tafi. Kai ka ɗauko gangar a ka har coci, ba ka yi dariya ba sai da muka isa gida. Abin da ka ce kawai shi ne, "Sau uku fa na taɓa ka."

Har yanzu harshena yana zuwa wurin haƙorin nan. Na fi jinsa da safe, ina tsugune a bakin titi a unguwar Mahdiya tare da 'yan'uwanmu na Nijar, muna jiran motar masu neman leburori da za ta tsaya ta nuna mutum biyu da yatsa. Shekarata shida ina wannan tsuguno. Ba zan zalunci mutanen nan ba: na yi wa wani dattijo aikin gona a garin Tamanhint, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Amma shi ma bai iya fitar da ni ba ranar da aka sauke mu aka tsare a shingen bincike don ba mu da takarda. Bayana ya lalace da ɗaukar bulo. Hanyar da kake son bi kuwa, mu ashirin da wani abu muka hau motar, ba dukanmu muka sauka ba, wasu a hamada aka baro su. Direban da kake neman lambarsa ko juyawa bai yi ba.

Akwai wani ɗan wajenmu a ɗakin da ke kusa da nawa, shekara uku yana amsa sunan da ba nasa ba don a ɗauka Musulmi ne. Ranar Lahadi sai ya rufe ƙofa ya rera waƙoƙin cocinku ƙasa-ƙasa. Na san kiɗan kowace, amma ko gwiwata ba na bugawa, kada in jawo masa ido. Kai da ake jin muryarka daga tasha, haka kake so ka zauna?

Laifina na sani. Duk wanda ya kira daga gida sai in ce aiki na tafiya. Kunya ce ta sa, kuma ita ta sayar maka da keke. Ka yafe mini wannan.

Lambar dai ba zan bayar ba. In ka taho duk da haka, tabarmata taka ce, rabin burodina naka ne. Amma ka je ka roƙi wanda ya sayi keken tun bai kai shi kasuwa ba. Duk wanda ya karanta wannan a layinmu, don Allah ya kai masa kafin Litinin.

Allah ya tsare ka, ya buɗa maka a inda kake, ya nuna mini ranar da zan zauna a shagonka ka yi mini awon riga. Wannan karon kai ke ɗauke da ganga, Isti. Ni ne a hagunka, kuma na taɓa ka.

Naka har kullum,
Mudi mai rabin haƙori,
Mahdiya, Sabha.