Rijiyar da Gahawa Ta Tono

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Takarda ta fito daga wanka Barau na Dutse zuwa ga ƙanena Alhaji Maharazu, mazaunin Madani a ƙasar Sudan. Gaisuwa mai yawa, da so da yarda da aminci. Ina roƙon Allah ta same ka lafiya, kai da iyalinka da sauran 'yan ƙasarmu da ke can. Mu nan muna lafiya, sai gwiwa da ke yi mini tsiya. Gero ya yi, dabinon gidanmu ya yi 'ya'ya har sai da muka tokare reshe. Yayarmu Adda Rakiya tana nan, ido ya tafi amma baki bai je ko'ina ba. Malam Nata'ala ne ke rubuta mini, na kuma ce ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana.

Bana shekara goma sha biyar ke nan da Nasara suka shiga Kano, kai kuma ka ɗaure kayanka ka bi gabas. Damina huɗu ke nan da yunwar da ta ɗauke mini 'ya'ya maza biyu. Saboda haka ka san abin da na ji bara, ranar da ɗanka Gwadabe ya yi sallama a ƙofar gida da matarsa Hindatu da buhu uku na 'ya'yan gahawa. Na ce gidan babanmu ya sake samun ginshiƙi. Gahawar kuwa, da ya ba ni na kurɓa, sai na ce masa in ɗaci yake so ai maɗaci na nan a bayan gida kyauta. Dariya kawai ya yi. Ya kafa rumfa a kasuwar Dutse, ya shimfiɗa tabarmi, ya ɗaura shuɗin ƙyalle a kan gora. Hindatu ta soya a kasko, ta daka da citta, ƙamshi ya bi layin mahauta ya kai har wurin masu jaki. Maharazu, ka zo ka ga mutane! Ba sukari, sai kowa ya riƙe finjali a hannu ɗaya, dabinonmu a ɗaya. Masu kai gyaɗa Kano suka ce tana hana gyangyaɗi a kan hanya, malamai suka ce tana buɗe ido wajen karatu. Kafin kaka ya buɗe rumfa ta biyu a Kiyawa, ya sa surukina Ɗanmusa a kai. Ya ce haka ake yi a can wajenku: ƙyalle iri ɗaya, finjali iri ɗaya, ɗanɗano iri ɗaya, yadda matafiyi duk inda ya hango shuɗi ya san abin da zai sha. Har yana lissafa mini Taura da Garki.

Ta uku ce ta kawo magana. Ya kafa ta a Zangon Marke, inda ayari ke sauka, wurin da ya fi ko'ina taro. Duk wanda ya sha sai ya yamutsa fuska ya tofar. Ka san bakin fatake ya fi jakinsu sauri. Kafin mako uku an kai labari Kiyawa da Dutse cewa gahawar mai shuɗi ta lalace, har waɗanda ke sha kullum suka fara wucewa suna kau da kai. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Gwadabe ya ce 'ya'yan ne suka sha iska, ya buɗe sabon buhu, ba ta sake zane ba. Ya ce Hindatu ce ta ƙona, yarinya ta yi kukanta a banza. Ya ce baki ne, ya karɓo rubutu ya yayyafa. Ni na hau jaki na je, ban ko taɓa gahawar ba, na ce a ba ni ruwan randa. Zartsi ne zalla! Mutanen zangon sun saba, ba sa ji. Aka gwada ɗauko ruwa daga Dutse: a salka ya zo da warin fata, a tulu rabi ya fashe a hanya. Sai yaron nan ya karaya. Ya ce ƙasar nan ba ta karɓe shi ba, zai bi ayarin alhazai ya komo wurinka. Ayarin jibi zai tashi.

To, ga abin da ba ka sani ba, don kana goye aka yi shi. Zangon Marke ƙauyenmu ne na asali. Akwai rijiyar da mahaifin Dada, kakarmu, ya haƙa, ruwanta kamar an sa zuma. Shekarar da Ningawa suka kawo hari, kafin mu gudu mu fake a Dutse, manya suka rufe bakinta da falalen dutse, suka bi da ƙasa, don kada mahara su jefa mushe a ciki. Baba ya kama hannuna ya kai ni gindin marken, ya ce in taka ina ƙirgawa, don manya ba su san ko za su kwana ba, yaro shi zai daɗe. Taku arba'in, fuska alƙibla. Ba mu koma ba, waɗanda suka zo daga baya suka haƙa tasu a fadama.

Da na faɗa, mai unguwar zangon ya ce shekararsa talatin a nan bai taɓa jin wata rijiya ba. Na ce masa shekara talatin ai jiya ce. Na taka arba'in, aka haƙa tsayin mutum, ba komai. Na ce a matsa dama, aka sake, sai saiwa da gara. Masu jaki suka riƙa tambayata ko gafiya nake nema. Gwadabe ma ya durƙusa ya ce, don Allah in bari, ana yi da mu. Na ce in ya gaji ya ba ni dagin, ni ban gaji ba. Na koma gida ina huci, na zayyana wa Adda. Ta yi dariya har da tari. Ta ce tsohon banza, da wace ƙafa na taka? Ta ce ran nan ko bante ban fara ɗaurawa ba, ƙafafuna kamar na ɗan zabo, shi ne yanzu zan je ina buɗa ƙafa kamar raƙumi. Wallahi Maharazu, shekara sittin ina riƙe da arba'in ɗin nan, ban taɓa tuna ƙafar ta girma ba!

Yau da hantsi na koma. Na taka ƙanana-ƙanana, dunduniya na shafar yatsa, mutane na ta sheƙa dariya. Inda na tsaya bai kai rabin ramin farko ba. Gwadabe ya karɓi dagi don kunya kawai. Bayan la'asar, yana cikin rami iya ƙugu, dagi ya ce ƙwal! Ya sake bugawa, sai muka ji amo daga ƙasa kamar an doki ganga. Ya ɗago ya dube ni. Ya yar da dagin ya shiga share ƙasa da hannu, Hindatu ta rangaɗa guɗa, mai unguwa da kansa ya aika a kawo igiya. Falalen ne, ga shi a kwance yadda na bar shi. Sai dai ya fi ƙarfin mutum biyar, rana kuma ta yi ƙasa, aka ce a bari sai da safe.

Ban san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Rijiya takan ƙafe, takan rufta, na sani. Malam Nata'ala ya ce mu dakata sai an buɗe sannan a rubuta, amma shi Kano zai yi sammako, kuma ba mai alƙalami a zangon nan sai shi. Na ce ya rubuta. Takardar nan da ayarin jibi za ta taho. In ɗanka ne ya miƙo maka, to ka yi masa faɗa kaɗan, ka yi mini addu'a. In kuwa ka ga baƙo ne, ka fara ɗaura mana buhu biyu, ɗanye, kada a soya, don Taura na jira.

Ka gai da Rabi'atu da yara, ka gai da Malam Bunu na Haɗeja in yana raye. Adda na gaishe ka, ta ce ka turo mata turare. Ɗanmusa da Hindatu na gaisuwa. Gobe in Allah ya kai mu, ina sallame asuba zan tara majiya ƙarfi goma mu ɗaga dutsen nan. Sun ce ba za su bar ni in shiga ba, wai na tsufa. Sai su ɗaure ni. Ni na ga an rufe ta, ni zan fara jefa guga, kuma ba mai kai ruwan nan baki kafin ni.

Haza wasalamu. Wanka, Barau.