Rabin Layi a Shafi na Biyu

Litinin, 3 ga Maris
Mama tana asibiti. Sukarinta ya faɗi, a bakin banɗaki aka tsince ta. Kwana biyu kacal na tafi taron ofis na bar ta a hannun matar Yaya. Kwana biyu!

Talata, 4 ga Maris
Likita ya ce farar ƙwayar nan aka ba ta alhali ba ta ci komai ba. Matar Yaya sai kuka take, wai abin da ke takarda ta bi. Takardar da ni na buga, jadawali tsaf: magani, lokaci, adadi, gargaɗi. Shekara goma sha ɗaya ina buga takardun ofis, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Matar Yaya kuwa ko ruwan zafi sai ta ƙona tana waya.

Yaya ya ce in an sallami Mama gidansa za ta koma. "Ke aiki ya yi miki yawa." Shekara shida ina yi mata wanka, ina yanke mata farce, shi sai ya leƙo ranar hutu da lemo a leda. Yau shi ne mai tausayi. Ba inda za ta je.

Alhamis, 6 ga Maris
Na je gida ɗauko mata zani, na tsaya gaban takardar, tana nan manne a ƙofar kwaba. Layin ƙarshe: farar ƙwaya, safe, ɗaya, "a sha da ruwa mai yawa." Shi ke nan. Ina sauran?

Na buɗe kwamfuta. Layin ya rabe biyu. "Kada a ba ta in ba ta karya ba" ya zame can shafi na biyu, shi kaɗai. Sai na tuna shafin. Na gan shi kusan fari fat, na zagi firinta da ɓarnar takarda, na juya bayansa na rubuta cefane.

Ban gaya wa kowa ba. In Yaya ya ji, magana ta ƙare.

Juma'a, 7 ga Maris
Oga ya kawo rahoto, jadawalinsa ya karye. Na zaɓi layukan, na cire alamar da ke barin layi ya rabu tsakanin shafuka, na sa kan jadawalin ya maimaitu a kowane shafi. Minti biyu. Ya ce, "Kai, ba ki da na biyu." Oga na yi wa. Uwata ban yi mata ba.

Asabar, 8 ga Maris
Matar Yaya ta kawo abinci, idonta a kumbure. "Wallahi sau uku na karanta." Na ce to.

Litinin, 10 ga Maris
An sallami Mama. Na buga sabon jadawali, shafi ɗaya, manyan baƙi. Na miƙa wa matar Yaya, haɗe da tsohon shafin nan mai cefane a baya. Ta karanta, ta juya shi, ta dube ni. Na ce, "Anti, karanta mini sabon da ƙarfi, ko akwai abin da na tsallake." Ta karanta har ƙarshe. Tsohon kuwa ta ninke ta danƙa mini a hannu, ba ta nuna wa Yaya ba.

Ni na nuna masa.

Jakar Mama ma ni na haɗa. Ɗakin da suka ba ta a gidan Yaya yana da taga, ba laifi. Gobe zan kai mata matashinta.