Na Tambayi Kuɗin Ɗakinsu a Jirgi, Na Tono Cacar Mijinta

Anti Glenys,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma kada ki ajiye wasiƙar nan a ƙasan tari. Akwai saƙon da ke zaune a wayata yau kwana tara ban amsa ba.

Shekaruna sittin da takwas, ina zaune a Newcastle. Tun da maigidana ya rasu, ni da ƙanwata Merle muke hawa jirgin ruwa na yawon shaƙatawa sau biyu a shekara, yanzu mun yi tafiya goma sha huɗu. Gara in faɗi halina da bakina kafin ki gano shi: ni mayyar rangwame ce. Ina iya wata uku ina gadin farashin ɗaki har ya sauko, in kuma na shiga jirgi sai na tambayi mutane nawa suka biya. Ba don in wulaƙanta kowa nake yi ba, so nake in san ko an cuce ni. Merle ta daɗe tana cewa wannan ba hali ba ne, ciwo ne. Ni kuwa in ce mata ciwon nan ne ya kai ta Fiji sau uku da kuɗin fanshonta.

A watan Maris muka tashi daga Sydney, tafiyar kwana goma zuwa Noumea da Lifou da Port Vila. Teburinmu na cin abincin ƙarfe shida mutum shida ne, kullum mu ɗin dai. Akwai wasu mata da miji daga Adelaide da ba su cika magana ba, sai Noeline da mijinta Col daga Dubbo. Col tsohon makanikin taraktoci ne, ga barkwanci, har mai kawo mana abinci sai ya ajiye faranti ya yi dariya. Noeline tana aiki a gidan kula da tsofaffi. Jininmu ya haɗu da ita tun ranar farko, kafin a kawo kayan zaƙi na san sunayen jikokinta biyar da wanda ba ya cin kabewa a cikinsu.

Rana ta uku bakina ya fara ƙaiƙayi. Na ce mu dala dubu ɗaya da ɗari da arba'in da tara kowacce muka biya, ɗakin ciki marar taga, ku fa? Mutanen Adelaide suka ce sun manta. Da ina da hankali da nan na tsaya. Sai Noeline ta yi dariya, ta ce yau dai an kayar da ni, domin su ɗaki mai baranda suke a hawa na tara, kuma ban da harajin tashoshi ko sisi ba su biya ba. Wai bara Col ya yi 'yar tafiyar kwana uku a jirgin ruwa da abokansa, kamfanin jirgin ya jefa ƙuri'a tsakanin fasinjoji, sunansa ya fito. Tana faɗa tana shafa bayan hannunsa, baki har kunne.

Ni kuma, uwar iyawa, na ce haba dai, wace irin ƙuri'a, wannan ai kyautar gidan cacar jirgi ce. Na ce ƙanin mijina Des ma ana aiko masa, kuma duk ɗura wa injinan cacar nan kuɗi da yake yi bai taɓa wuce ɗakin ciki ba. Har na juya wajen Col na ce lallai kai babban mutum ne a wurinsu, baranda guda! Da dariya na faɗa, wallahi. Merle ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, amma bakin ya riga ya gama aikinsa.

Noeline ta ajiye cokali. A hankali ta tambaye shi ko gaskiya ne. Ya ce shi ya ƙoshi, ya ture kujera ya fita. Daga ranar ba su sake zuwa teburin ba, kujeru biyu suka zauna babu kowa har muka dawo Sydney, mutanen Adelaide kuma suka koma yi mini gaisuwar ɗaga kai.

Ranar da muka isa tsibirin Lifou, muna layin ƙananan jiragen da ke kai mutane gaɓa, Noeline ta ja ni gefe. A nan na ji abin da na taka. Shekara takwas da suka wuce Col ya cinye abin da suka tara a injinan caca na kulob ɗin garinsu, har sai da suka sake jinginar da gidansu a banki. Ya yi rantsuwa a gaban 'ya'yansu, ita ma ta yi tata: in ya sake, ta tafi. Shekarunta sittin da huɗu, bayanta na ciwo, amma har yanzu tana aiki saboda bashin, saura shekara biyu ta gama. Ta ce Col ya gaya mata ni tsohuwa ce mai surutu da ba ta san abin da take faɗa ba. Rabin wannan ban musa ba.

Safiyar ranar ƙarshe shi kuma Col ya tare ni wajen shan shayi. Anti, namiji mai furfura yana hawaye a gabana. Ya ce gaskiya na faɗa, amma sau ɗaya ne, a kwana ukun nan kawai, kuɗin ma wurin aboki ya ara kuma ya biya, tun daga nan bai ƙara taɓawa ba. Ya ce shekara arba'in da ɗaya na aure suna hannuna. Abin da yake roƙo ɗaya ne, in ce wa Noeline na ruɗe, na tambaya an ce mini ana yin irin wannan ƙuri'a. Ya rubuta mini lambarsa a takardar goge baki. Na ce zan yi tunani.

Yanzu ga saƙon Noeline. Tana gidan 'yarta a Orange. Ta ce ni kaɗai ce ba ni da abin samu ko na rasawa a maganar, don haka da ni za ta yarda. Tambayoyinta biyu: shin akwai hanyar samun irin wannan ɗaki ba tare da caca ba, kuma nawa mutum zai zubar kafin a ba shi? Ta ce ba za ta koma gida ba sai ta ji daga gare ni.

Wani lokaci sai haushi ya kama ni. Ni na yi cacar? Ni na yi ƙaryar ƙuri'a? Kowa a jirgi yana zancen farashi, a wurin wanka, a lif, ko'ina. Wani lokaci kuma in tuna yadda take shafa hannunsa, sai in ji na tsani kaina. Merle ta ce ba za ta bi ni tafiyar Oktoba ba sai na yi alkawarin ɗinke bakina. In yi wa Noeline ƙarya in ceci aurenta? In faɗa mata abin da Col ya gaya mini? Ko in yi shiru kamar saƙon bai iso ba? Kuma ki gaya mini tsakani da Allah, tambayar kuɗin ɗaki laifi ce har haka?

Taki,
Mai Baki Ba Birki, Newcastle


'Yar'uwa Mai Baki,

Bari mu raba kayan nan gida biyu, domin kin ɗauki naki kin haɗa da na Col. Caca da ƙaryar ƙuri'a nasa ne, ba da bakinki aka yi su ba. Naki shi ne abin da ya faru a tebur, kuma shi ma ba ƙarami ba ne.

Kin tambaya ko laifi ne. E, a teburin cin abinci laifi ne. Na yarda zancen farashi yana da amfani, mai son rangwame ba ɓarawo ba ne. Amma lokacinsa kafin a biya ne, a wajen ejan ko a dandalin matafiya, inda amsar za ta iya rage wa wani kuɗi. Bayan jirgi ya bar tasha ba abin da za ta ƙara wa kowa sai takaici, ga shi mutanen ba su da inda za su gudu, gobe ma kusa da ke za su zauna. Sannan kuɗin ɗaki ba lamba ba ce kawai. Wata 'ya'yanta ne suka haɗa mata, wani gadon matarsa yake kashewa, wani likita ne ya ce masa ya yi tafiyar bana kada ya jira baɗi. Mutanen Adelaide ba mantawa suka yi ba, ƙofa suka rufe miki cikin ladabi.

Daga yau ga ƙa'ida. Kada ki tambaya. In an tambaye ki, ki faɗa in kina so, ko ki ce kin samu da sauƙi ki wuce. In wani ya faɗi nasa da kansa, ki ce ya yi sa'a ki miƙa masa burodi. Ki lura, tambayar ba ita ta yi ɓarnar ba, fassarar da kika yi wa amsar ce. Mace tana alfahari da mijinta a gaban mutane, kika gyara mata labari don a san kin fi kowa sanin jirgi. Ki ba Merle alkawarinta, ta yi haƙuri da ke da yawa.

Yanzu Noeline. Kada ki yi mata ƙarya. Na san Col ya ba ki tausayi, ni ma ya ba ni. Caca ciwo ce mai wuyar bari, kuma mai yiwuwa hawayensa na gaske ne, mai yiwuwa sau ɗayan ne. Amma ke ba ki sani ba, abin da kika sani shi ne mutumin da ya yi wa matarsa ƙarya ya roƙe ki ki taya shi. Ki kuma tambayi kanki don me gidan caca zai ba mutum ɗaki kyauta, in ba don ya dawo ya zauna gaban injin ba. In kika rufa masa yau, gida ne zai iya tafiya gobe, da sa hannunki.

Shiru ma ba mafita ba ce. Kwana tara tana kwana a ɗakin jikoki tana duba waya.

Ga abin da za ki yi, kuma yau. Ki fara da Col, tunda ya ba ki lambarsa. Layi uku sun isa: ba za ki yi ƙarya ba, kin ba shi kwana biyu ya gaya wa matarsa da bakinsa abin da ya gaya miki, in kuma ta tambaye ki ko ya yi miki magana za ki ce e. Wannan ba barazana ba ce, ita ce dama mafi kyau da ta rage masa. Abin da mace za ta iya yafewa in ta ji daga mijinta, da wuya ta yafe in ta ji daga baƙuwar da suka haɗu a jirgi.

Sannan ki amsa wa Noeline a wannan ranar, kada ki jira shi. Ki ba ta haƙuri kan yadda kika yi maganar a gaban mutane, ba tare da kare kanki ba. Ki faɗa mata iyakar abin da kika sani: irin wannan kyauta kin san gidan caca na bayarwa, ba ki taɓa jin ta ƙuri'a ba, amma ba ki da tabbacin babu. Kada ki ba ta ko wace lamba. Labarin Des ba ma'auni ba ne, duk adadin da kika ƙirƙira zai zauna a kanta kamar hukunci. Ki ce mata amsar tana cikin wasiƙar da kamfanin ya aiko wa Col da takardar rajistar ɗakin, ta sa ya nuna mata, ko su kira kamfanin tare. Ki tuna mata akwai layukan taimako na kyauta ga masu caca da iyalansu, da masu ba da shawara kan bashi, ta nemi ɗaya ko da ta yanke shawarar komawa. In kwana biyun suka wuce Col bai buɗe baki ba, ta kuma sake tambayarki, ki faɗa mata abin da ya ce, yadda ya faɗa, har da hawayen, kada ki ƙara kada ki rage.

Bayan nan ki janye. Kada ki ce ta tafi, kada ki ce ta zauna. Col ya ce aurensu yana hannunki, ba gaskiya ba ne, kuma kada ki karɓi wannan kaya. Yana hannun su biyun.

Ki shirya wa abu ɗaya: mai yiwuwa Noeline ba za ta gode miki ba, mai yiwuwa wannan ne saƙo na ƙarshe tsakaninku, ko ta zauna ko ta tafi. Ki haƙura da hakan. Ba abota kike ceto yanzu ba. Mace ce da ke ɗaga tsofaffi daga gado da ciwon baya don ta biya bashin da ba ita ta ci ba, kuma haƙƙinta ne ta san ko an sake ciyo wani a bayan idonta.

Ki ajiye jaridar nan ki ɗauki wayar. Allah ya ba Noeline ƙarfin zuciya, ya ba Col ƙarfin faɗar gaskiya, ke kuma ya ba ki sauƙin abin da ya rage.

Anti Glenys