Jirgina Ya Tsage, Ɗangoggo Bai Zo Ba

Malam mai filin shawara, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni ban taɓa taka lakwal, makarantar boko, ba. Malam Badaru mai rubutun wasiƙa a kasuwar Dakoro shi ke karanta mana jaridarku, shi ne kuma ke rubuta wannan, na ce mishi kar ya gyara mini magana.

Ni mai fito ne. Shekara talatin, duk daminar da Gulbin Kaba ya kawo ruwa ya yanke hanyar Maradi, sai in sauka can da jirgina in riƙa ƙetarar da mutane. Da can, Malam, ruwa ruwa ne! Ayari kan kwana a gaɓa yana jirana. Har wani kumandan ya taɓa shiga, ya zauna daidai inda na nuna mishi.

Jirgin ɗinkakke ne, katako da katako, da igiyar kaba. Mai ɗinka mini shi Ɗangoggo, abokina tun muna samari. In ya gama ɗinki, sai mu aza duwatsu mu nutsar da jirgin kwana bakwai, itacen ya sha ruwa ya kumbura, ɗinki ya kame. Ran na takwas shi ke fara shiga. Ya zauna a goshi, mu ƙetare, mu dama fura can gaɓar, yana zagin tuƙina ina zagin ɗinkinshi. Mutane in sunka ga mai ɗinki a ciki, hankalinsu ya kwanta.

To bana yana ƙulla igiyar ƙarshe ya kwashi kayanshi ya tafi wurin Nasaran da ke gina gada bisa gulbin, wai sun ɗauke shi kafinta. Gadar da za ta kashe mini sana'a! Ina zaune ina jin gudumarsu, zuciyata na tafasa. Ran na uku da nutsar da jirgin na ce wa ma nike jira, na tsamo shi. Rhissa, wani Buzu na wajen Azagor, ya loda gishirinshi. Muna tsakiyar ruwa ɗinki ya buɗe. Da rawaninshi na jawo shi gaɓa, gishiri kuwa ya narke ƙaf.

Rhissa ya kai ƙarata biro, ofishin kumandan. Ni kuma na kai ƙarar Ɗangoggo, na ce ruɓaɓɓiyar igiya ya sa. Kumandan ya tura mu gun alƙali. Ɗangoggo ko dubana bai yi ba, ya ce a tambaye ni kwana nawa jirgi ya yi cikin ruwa. Na ce bakwai, ya ce ƙarya ne. Maganata ce da tashi, babu shaida. Alƙali ya ce Alhamis ta sama in dafa Alƙur'ani in ce bakwai. In na rantse, a kori Ɗangoggo daga gada, a ɗaure shi. In na ƙi, a hana ni fito.

Ni dai na san da bai tafi ba da ban yi garaje ba. To laifin wa ke nan? Kar ka ce in ba shi haƙuri, na girme shi da damina biyu.

Tsohon Mai Fito, Dakoro

Baba, na karanta takardarka sau biyu. Kana da gaskiya a abu ɗaya: abokin shekara talatin bai kamata ya tafi aikin gadar nan ba tare da ya zauna ya yi maka bayani ba. Wannan da ciwo. Amma shi ma yana da iyali, kuma ko da shi ko babu shi za a gina gadar.

Kwana uku kuwa ba bakwai ba ne, da bakinka ka faɗa. Ka ce bai zo ba, alhali ranar zuwansa ba ta yi ba. Wa ya sani ko ran na takwas da ka gan shi tafe da furarsa?

Kada ka dafa Alƙur'ani. Kada ma ka jira Alhamis. Ka sami alƙali ka janye ƙarar, ka faɗi adadin kwanakin. Ka nemi dattijo ya raka ka wurin Rhissa. Mutumin da ka ceci ransa zai saurare ka, kuma in ya sassauta, da wuya a hana ka fito. Ko an hana, gada za ta karɓe fiton nan ko ba daɗe ko ba jima, rantsuwar ƙarya kuwa tana nan tare da kai.

Tun da ka hana ni cewa ka ba shi haƙuri, ba zan ce ba. Ka kai masa jirgin kawai ya ɗinke. Ka aza duwatsu, ka ƙirga bakwai cif, ka aika masa cewa goshin jirgi na jiransa. Wataƙila damina ɗaya ta rage muku, ku ƙetare ta tare.

Allah ya huci zuciyarka, Baba, ya kai ku gaɓa lafiya.