Bambar Tsoho Kowalczyk

Detroit, watan Agusta

Yaya Remedios,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Mama? Yaya yara? Ina fatan masara ta yi kyau bana.

Ni lafiyata ƙalau, sai ɗan tari. Kowa a wurin aikinmu yana yinsa, saboda tururin ruwan da muke tsoma ƙarfe ya yi ƙyalli.

Wani aiki ne ya tsaya mini a rai. Wani abokin cinikinmu, Tsoho Kowalczyk, ya kawo mana gyaran bambar motarsa ta 1970, irin siririyar nan da ke zagaye fitilun gaba kamar zobe. An daina ƙera irinta. Ciwo ya ci ƙarfinsa, burinsa ya tuƙa motar a jerin gwanon tsofaffin motoci ranar Asabar. Ina cikin miƙe bambar sai ta tsage.

Maigidana Dale ya ce, "Eusebio, in ɗinkin waldar ya fito bayan an tsoma, kai za ka kalli idon tsohon nan, ba ni ba."

Na liƙe ta, na goge har yatsuna suka mutu. An tsoma ta, gobe za a tsamo ta. Jiya tsohon ya leƙo, ya ce, "Ɗana, ta kusa?" Na ce ta kusa.

Ki kunna mini kyandir a coci. Likita ya ɗauki hoton ƙirjina, ya ce in koma mu yi magana. Kada Mama ta ji.

Ki tambayi Kawu Nabor ko har yanzu yana neman mataimaki a garejinsa na can gida. Tambaya ce kawai.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Eusebio